Takardar da Na Ce Talla Ce

Ina cikin shekarata ta biyu da fara tuƙi a wani gida a unguwar Aziziya ta birnin Doha maigida ya sayo karafan, wato mota mai ɗaki a baya. Mu uku ne direbobin gidan. Akwai wani ɗan Indiya mai kai yara makaranta, wanda ba ruwansa da kowa. Akwai ni, ɗan aike: kasuwa, gidan waya, ɗauko wannan, sauke wancan. Sai dattijon da muke ce wa Baba, mutumin Zangon Kumasi a ƙasar Gana, direban tsohuwa, wato mahaifiyar maigida. Duk gidan ba wanda ya isa ya ɗauke ta a mota sai shi.

Baba ya zo Doha tun ba a fara dogayen benayen unguwar Dafna ba. Kafin nan ya yi shekaru yana jan motar katako daga Kumasi zuwa arewacin ƙasarsu. Abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya, kuma ba ya gajiya da faɗa: tun da ya kama sitiyari bai taɓa ƙwarzanar mota ba, bai taɓa taka ko kaza ba. Na sha yi masa tsiya a kan kazar nan, ina cewa wa ya ƙirga kajin hanyar Tamale. Sai ya yi dariya ya ce, “Kai yaro ne. Ni a ƙasan nan ba ni da gida, ba ni da gona, ba ni da takarda. Sunana kawai na ke da shi.” Hausarsa ta Zango ce, ba ruwansa da mace ko namiji, mota ma “shi” ce a bakinsa, “sosai” kuwa “paa” yake cewa.

Gaskiya ya faɗa kuwa. Duk shekara sai kafil, wato maigida, ya sa hannu kafin a sabunta wa mutum izinin zama. Mai shekarun Baba ba wanda zai ɗauke shi sabon aiki. Sunan nan na direban da bai taɓa kuskure ba shi ne ya riƙe shi a gidan, shi ne kuma ya riƙe shi a ransa.

Karafan ɗin a ƙasa motar ɗaukar kaya ce, irin wadda ake rarraba burodi da ita, sai aka gina mata ɗaki a baya: gado, bayi, murhun gas, firji, kabad na kofuna. Saboda tsohuwa aka saye ta. Idan sanyi ya shigo iyalin kan fita sahara su kafa tanti kusa da teku, su yi ƙarshen mako a can. Gwiwoyin tsohuwa sun daina yarda da doguwar zama a jif, ita kuma ta rantse ba za a bar ta a gari ita da masu aiki ba. Ranar da aka kawo motar maigida ya miƙa wa Baba makulli da hannunsa. Baba ya hau, ya duba ƙasan sitiyari, ya ga abin takawa biyu ne kawai, ya ɗaure fuska.

“Ina kuloci?”

Na ce, “Baba, otomatik ce. Ƙafarka ta hagu ta yi ritaya, sai ka nema mata fansho.”

Ya ce, “Mota da zai sa wa kansa giya, ni kuma mene ne aikina? In zauna in kalle shi?”

Duk da mitar, cikin sati biyu ya saba, har ya fara sonta. Kullum da safe sai ya wanke ta, ko ta fita ko ba ta fita ba. Ba ya bari ko kwalin ruwa in ajiye a cikinta ba da izininsa ba.

Wata rana da rana tsaka na raka shi Sana'iyya, unguwar gareji da masana'antu, za mu canza tukunyar gas ɗin murhu. A dawowa muka tsaya a bakin wani babban shataletale. Wanda ya yi tuƙi a Doha a shekarun nan ya san shataletalenta: ba mai ba ka hanya, kafa kake jira, in ta samu ka faɗa da sauri. Baba ya ga kafa, ya taka totur. Injin ya ɗaga murya, motar ba ta motsa ba. Numfashi ɗaya, biyu. Ya ƙara takawa. Sai ta zabura gaba ɗaya kamar akuyar da aka tsinke wa igiya. Kofuna suka kife a kabad, wata farar jif ta wuce ta hancinmu tana ta zuba hon. Baba ya murɗa sitiyari ya fitar da mu lafiya, ya gangara gefen titi ya tsaya.

Can ya ce, “Wannan na uku ke nan.”

Na ce, “Baba, ko motar ce?”

“Sabon mota? Daga kamfani? A'a, ɗana. Ƙafana ne. Ya saba da kuloci, yanzu ya rikice. Tsufa ne ya zo paa.” Ya juyo ya dube ni. “Kar ka gaya wa kowa.”

Na yi masa alkawari, kuma na cika.

Daga ranar ya shiga yaƙi da ƙafarsa. In gida ya yi tsit bayan azahar, sai ya fitar da karafan zuwa wani fili a bayan unguwa ya yi ta tashi yana tsayawa, kamar ɗan koyo. Ya daina tuƙi da takalmi, wai don ya ji totur da tafin ƙafarsa. Ya sayi man zafi yana shafawa. Ya je asibiti aka gwada masa sukari da hawan jini, aka ce lafiyarsa ƙalau, ya dawo ransa a ɓace, don ya so a samo masa abin da zai sha wa magani. Abin haushin shi ne motar ba kullum take yi ba. Sai ta yi kwana goma lumui, Baba ya fara sakin fuska, rana ta goma sha ɗaya ta sake zabura. Na ga mutum mai raha ya koma shiru-shiru, ya rame a tsaye.

Akwai ƙa'ida tsakaninmu direbobi, ba a rubuce take ba amma kowa ya san ta, a gidanmu da sauran gidajen da na sani. Kowace mota da mai ita. Ba ka buɗe motar wani, ba ka gyara masa madubi, uwa uba ba ka zuwa wajen maigida da zancen motar da ba taka ba. Wanda ya yi haka ya kai ƙarar ɗan'uwansa ke nan, kuma kowa zai ce kujerarsa yake hari. Na ga an daina gaisawa da mutum shekara guda a kan abin da bai kai wannan ba.

Wasiƙun gidan ni nake ɗaukowa. A Doha ba a kawo wasiƙa ƙofar gida, akwati ake kamawa a gidan waya, ni kuma duk Lahadi nake zuwa in buɗe namu. Maigida ya ba ni doka: ta banki da ta hukuma in kai masa majalisa, wato falon da yake ganin baƙi, tallace-tallace in zuba a shara. Kamfanonin mota kuwa ba sa gajiya da aiko talla. Ran nan na ga ambulan mai tambarin wakilin kamfanin da ya ƙera ƙasan karafan. Har na kusa jefarwa, sai na ga lambar motarmu a jiki. Na buɗe a tsaye a bakin gidan waya.

Turancina na sakandare ne, Larabcina na kasuwa, amma da na haɗa biyun na gane abin da ake nufi. Kamfanin ya yi wa irin waɗannan motoci kiranye. An gano cewa a wasu daga cikinsu giyabos ɗin otomatik yakan yi jinkirin kamawa in ya ɗau zafi, sannan ya kama da ƙarfi, motar ta zabura. Ana roƙon mai motar ya kawo ta da gaggawa a gyara, kyauta.

Wallahi murna na yi. Na dawo gida kamar in yi tsalle, ina cewa yau Baba zai yi barci da minshari. Ban bi ta majalisa ba, don motar ba tawa ba ce. Kai tsaye na nufi rumfar motoci, na same shi yana goge fitilun karafan da tsumma.

A nan ne kuma na yi karo da abin da ban shirya masa ba. Baba ba ya karatun boko. Alƙur'ani yana karantawa, lambobi da alamun hanya ya haddace su sarai, amma takardar Turanci duhu ce a wurinsa. Bai taɓa faɗa ba, mu ma ba mu taɓa nuna mun sani ba. In aka ba shi takarda, sai ya karɓa ya ƙura mata ido, ya gyaɗa kai, ya ninke ya sa a aljihu. Mutum ne sa'an mahaifina. Ban ga yadda zan buɗe baki in ce masa kawo in karanta maka ba.

Na miƙa masa da hannu biyu na ce, “Baba, takardar motarka ce, daga kamfani.”

Ya goge hannu, ya karɓa, ya duba. Ya ga tambarin, ya ga lambar motarsa. Na ga fuskarsa ta sauya.

“Me su ke so?”

“Cewa suka yi a kai ta su duba giya.”

Ya sake duba takardar. Sannan a hankali ya ce, “Wa ya gaya musu?”

“Baba, ba wanda...”

“Su na can, ni ina nan. Yaya su ka san mota na tsalle a hannuna? Wani ya kai ƙarana.” Ya ɗago ido ya dube ni. Ba da faɗa ba, da ma da faɗa ne. Kallon mutum ne da ya ba ka amana yana jira ya ji ko ka ci. “Kai kaɗai na gaya wa, ɗana.”

A ganinsa takardar nan sammaci ce. Za a kai motar, a duba, a ce lafiyarta lau, a rubuto wa maigida cewa direban ne ya tsufa. Kuma ni ne na jawo. Abin da ya kamata in yi a bayyane yake: in zauna kusa da shi, in karanta masa layi-layi, in ce Baba, ba kai kaɗai ba ne, motoci ne da yawa, ƙafarka ba ta da laifi. Minti biyar ya isa. Amma kallon nan ya ɗaure mini harshe. Abin da nake so a lokacin kawai shi ne ya daina kallona haka.

Sai na yi dariyar yaƙe na ce, “Haba Baba, talla ce fa. Irin wadda suke aika wa kowa, su samu a kawo musu mota su sayar da mai da fulogi. Ba wanda ya kai ƙararka.”

Ya sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi. “Talla?”

“Talla ce.”

“Kai, ka tsorata ni paa.” Ya yi murmushi, ya dafa kafaɗata, ya ninke takardar ya soke ta a bayan marfin kare rana na gaban direba.

Na ce a raina gobe zan samo dabara. In bari hankalinsa ya kwanta, in kawo zancen ta wata hanya. Gobe ta zo, motar lafiya lau. Sati ya wuce, ba ta yi ba. Na fara lallashin kaina cewa ai “wasu daga cikinsu” aka ce, wataƙila ma tamu ba ta ciki. Na san ƙarya nake yi wa kaina, don ina zaune a cikinta ranar shataletale. Sai dai kullum da dalilin ɗagawa: yau yana cikin fara'a kar in ɓata masa, gobe ransa a ɓace yake kar in ƙara masa. Haka sati uku suka shige.

Ranar wata Alhamis da la'asar aka fita sahara. Ni na riga su isa da a-kori-kura, na kai itace da abinci da tankin ruwa. Karafan ta iso bayan doguwar tafiya, ta tsaya ɗan nesa da tanti. Baba yana da wata al'ada: ba ya yarda tsohuwa ta taka yashi. Sai ya matso da motar a hankali har ƙofarta ta daidaita da bakin dardumar da aka shimfiɗa, ta sauko kai tsaye a kanta. Ya tsaya ne yana jira in janye wani buhu daga hanya. Ita kuwa da ta ji an tsaya ta ɗauka an iso, ta miƙe a cikin ɗakin tana riƙe da hannun mai yi mata hidima.

Na janye buhun, na yi masa alama da hannu. Taku biyar ya rage. Ya taka totur. Injin ya ɗaga murya, motar ba ta motsa ba. Na san muryar nan. Kafin in ɗaga hannu ta zabura. Baba ya danne birki da dukan ƙarfinsa, ta tsaya cak, saura ƙiris ta shiga tanti inda yara ke wasa. Bai bugi komai ba. Amma daga ciki muka ji faɗuwa, muka ji ihun mai hidima.

Ƙugun tsohuwa ne ya karye. A bayan jif aka kwantar da ita aka koma gari da ita. Baba ya sauko ba takalmi, ya tsaya a yashi yana kallon ƙurarsu har ta ɓace. Na kawo masa ruwa, bai karɓa ba.

Kwana biyu bayan nan maigida ya kira shi majalisa, ni kuma aka ce in tsaya tunda ina wurin. Maigida ba azzalumi ba ne, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba. Bai zage shi ba, bai kira 'yan sanda ba. Idonsa ja wur saboda kwanan asibiti, ya tambaya da sanyin murya me ya faru.

Baba ya durƙusa, ya ce da Larabcinsa na shekaru, “Laifina ne. Ƙafata ce. Ta daɗe tana yi mini haka, na ɓoye.”

Maigida ya juyo gare ni. “Kai fa, me ka gani?”

Takardar tana nan a karafan, taku ashirin daga inda nake tsaye. Na yi lissafi a cikin ƙiftawar ido, kuma ina jin kunyar lissafin har yau. In na ɗauko ta, maigida zai ga an yi gargaɗi tun sati uku, takarda ta shigo gidansa ba ta iso shi ba. Zai ce Baba ya karɓa ya ɓoye. In na ce Baba bai san abin da ke ciki ba, na tona masa asiri a gaban kafil, sannan tambaya ta dawo kaina: kai da ka karanta fa? Ina da mata da 'ya'ya biyu a Zariya, ina da uwa. Na gaya wa kaina cewa Baba nake rufa wa asiri. Kaina nake rufa wa.

Na ce, “Na ga motar ta zabura, ranka ya daɗe. Shi ke nan abin da na gani.”

Maigida ya daɗe yana kallon carbinsa. Sannan ya ce wa Baba, “Ka yi mana hidima, ba mu manta ba. Amma ka tsufa. Ka koma gida ka huta.”

Cikin sati aka soke izinin zamansa aka yanka masa tikiti. Ya nemi a bar shi ya gaida tsohuwa a asibiti, aka ce ba a shiga. Ni na kai shi filin jirgi da hantsi. Duk tsawon hanyar, nasiha yake yi mini, don an riga an ce karafan ta dawo hannuna. In riƙa duba ruwan lagireto, kar in bar gas a buɗe, in rage iskar taya kafin in shiga yashi. “Mota ne mai kyau,” in ji shi. “Ni ne ban dace da shi ba.” Na riƙe sitiyari da hannu biyu ina kallon titi. Da zai shiga ya rungume ni ya ce na riƙe masa amana, Allah ya ba ni mai riƙe mini. Na koma mota na kifa kai na yi kuka kamar yaro.

Karafan ta zauna a rumfa ba mai hawa, don sanyi ya wuce, tsohuwa kuma daga asibiti keken guragu ta koma. Takardar farko na cire ta na yayyaga. Wajen wata huɗu bayan nan ta biyu ta zo, da jan rubutu a samanta. Yanzu motar tawa ce, ba ƙa'idar da ta hana ni. Na kai wa maigida, ya duba sama-sama ya ce, “Yalla, kai ta.”

Na tarar da layi a garejin wakilin kamfanin: motocin burodi, motocin ɗaukar ma'aikata, da wata karafan irin tamu. Makanikin da ya karɓe ni wani Basudane ne mai furfura. Na tambaye shi ainihin abin da ke damun motocin. Ya nuna mini wani ɗan akwati da bai fi tafin hannu ba, ya ce wannan ne ke ba giya umarni, in zafi ya yi masa yawa sai ya rikice, ya yi jinkiri, sannan ya saki gaba ɗaya. Na ce to direba fa, ba yadda zai yi ya hana? Ya yi dariya ya ce, “Ko wanda ya ƙera ta ne a kan sitiyari, sai ta yi masa.”

Kafin azahar sun gama. Rabin yini. Na zauna a kan wata tsohuwar taya a bakin gareji, rana na dukana, ina maimaita wa kaina rabin yini.

Da na koma na gaya wa maigida abin da makanikin ya ce. Ya yi salati, ya riƙe haɓa, ya ce, “Ashe mun zalunci dattijon nan.” Na ce ko za a dawo da shi. Ya girgiza kai. Wanda aka soke wa izini sai ya jira shekaru kafin ya dawo, ga shekarunsa, ga tsohuwa ba ta fita ko'ina yanzu. “Khalas, shi ke nan,” in ji shi, “abin da Allah ya rubuta ya faru. Ka gaishe shi, ka ce ya yafe mana.” Zancen takardar farko ban yi masa ba, har na bar gidan.

Ranar Juma'a mu baƙi masu jin Hausa muke haɗuwa a Asmak, cikin tsohon gari, a ɗakin wasu 'yan Gana masu gadi, a ci shinkafa da wake a yi hira. Ran nan ban iya cin komai ba. Bayan an sauko daga masallaci na sayi katin waya, na sami lungu mai inuwa, na buga lambar da Baba ya bar mini, ta shagon 'yarsa. Ita ta ɗauka, ta ce in jira, yana nan a benci a waje.

Muryarsa ta zo da fara'a. Ya tambayi kowa, har ɗan Indiya. Ya tambayi tsohuwa, na ce tana samun sauƙi. Na ce yana tuƙi kuwa?

“A'a, ɗana. Makarantan unguwa sun zo har gida, su na so in ja musu bas na yara. Sun san sunana tun da. Na ce musu a'a. Ba zan ɗauki 'ya'yan mutane da ƙafa da ban yarda da shi ba. Lasin ma na bar shi ya mutu. Ina nan ina tsaron shago.”

Na jingina da bango. Na ce, “Baba, don Allah ka saurare ni har in gama.” Na gaya masa komai. Na gaya masa zancen layin motoci a gareji, da ɗan akwatin, da abin da Basudane ya ce, da saƙon maigida. Na ce ƙafarsa ba ta taɓa yin laifi ba, ko sau ɗaya. Sannan na ce, “Takardar nan da na ba ka a rumfa, abin da ke cikinta ke nan. Tun ranar na sani.”

Ina jin hayaniyar titinsu, wata mata na kiran ciniki.

“Ka ce mini talla ne.”

“Ƙarya na yi, Baba. Na ga hankalinka ya tashi, na so ya kwanta. Ka yafe mini.”

“Na yafe,” ya ce, ba tare da jinkiri ba. “Wannan ba komai.” Da ya ci gaba muryarsa a sanyaye take, irin wadda ake lallashin yaro da ita. “Amma ɗana, ran nan ka ga raina ya ɓaci, ka faɗa mini abin da zai sanyaya mini. Yau ma ka ji na ce na bar tuƙi, ka ji tausayina. Yaya zan san yau ba haka ba ne?”

Na rantse masa da Allah. Na ce zan aiko masa takardar ta biyu, ya ba duk wanda ya yarda da shi ya karanta masa. Da kalmar ta fita daga bakina na gane na nuna na san ba ya karatu, amma bai nuna ya ji ba.

Ya ce, “Kar ka rantse, kai yaron kirki ne, na sani. Amma ni ke zaune a kujeran nan, ba kai ba. Ni na taka, matan nan ya faɗi. Bar shi haka nan.” Ya sa mini albarka, ya ce in gaida mutanen ɗaki, ya miƙa wa 'yarsa wayar.

Na aika takardar ta hannun wani mai tafiya hutu. Ya dawo ya ce ya ba shi hannu da hannu, Baba ya karɓa, ya yi godiya, ya tambayi lafiyata. 'Yarsa ta ce bai ba kowa ya karanta masa ba. Ya rayu shekara shida bayan nan a bencin shagon, kuma bai sake kama sitiyari ba.